Mai Kujeru da Kujerar Bakin Ƙofa

Kafin rana ta leƙo ta saman rufin ya riga ya iso. Yakan jingine kekensa a jikin bangon famfo, ya ciro damin makullai daga aljihun gaba, ya tura babbar ƙofar ƙarfe a hankali don ta iya kuka. Ba ya kunna fitila. Tagogi yake fara buɗewa, ɗaya bayan ɗaya, goma sha huɗu, har haske ya sauka a kan tebura. Sai shara. A ɓangaren maɗinka ba ya sa tsintsiya sai ya fara jan wani guntun maganaɗisu da ya ɗaure da zare, ya tsince alluran da suka zube jiya, ya mayar wa kowa nasa cikin gwangwani. A ɓangaren Mai Tukwane yakan taɓa buhun da aka lulluɓe yumɓu da shi, in ya ji ya fara bushewa ya yayyafa masa ruwa. Burushin da Mai Fenti ya manta a cikin kwano ya wanke shi, ya kafa shi a taga gashinsa na kallon sama. Daga nan ya ɗora buta. Kafin mutum na farko ya yi sallama ruwa ya tafasa, shi kuma yana zaune a kan wani akwatin katako a bayan ƙofa, yana cin burodinsa shi kaɗai.

Shekara goma sha tara yana haka, har ƙarshen watan jiya da gwiwa ta ce masa ya isa.

Gidan tsohon sito ne da aka gyara aka jera tebura a ciki. Masu aikin hannu ne ke zama: maɗinka, kafinta, baduku, mai tukwane, mai fenti, mai hoto, da wasu da ban san sunan sana'arsu ba. Kowa da teburinsa, amma rufi ɗaya, famfo ɗaya, butar shayi ɗaya. Shi ba ya ɗinki, ba ya zane, ba ya sassaƙa. Makulli da tsintsiya da buta su ne nasa. Kowa Mai Kujeru yake ce masa, in kuma za a yi masa magana ido da ido a ce Baba.

Sunan ya samo asali ne daga ranar Laraba. Duk Laraba bayan la'asar ana kashe injuna, a ture tebura gefe, a yi zama. Kowa ya kawo aikin da bai gama ba, a duba, a yaba, a kushe, a sha shayi, a yi ta tsiya. A nan ake taya murna ga wanda ya samu babban aiki, a nan ake jajanta wa wadda tukunyarta ta fashe a wuta. Shi ke fito da kujerun daga ɗakin ajiya. Yakan tsaya ya ƙirga kawuna leɓensa na motsi, ya jera kujeru zagaye, sannan ya koma ya ɗauko guda ɗaya. Wannan ba ta shiga zagayen. A bakin ƙofa yake ajiye ta, ƙafa biyu a ciki, ƙafa biyu a kan dakalin waje, ya ɗan karkata ta yadda mai zama zai ji komai amma ba wanda zai ga fuskarsa sai ya waiwayo da gangan.

Kafinta, wanda muryarsa ta fi zartonsa ƙara, ya sha yin tuntuɓe da ita.

"Baba, wannan kujerar taka sai ta karya wa mutum ƙafa hankalinka zai kwanta? Ta aljanu ce?"

"Ta mai zuwa ce."

"Wa ke zuwa?"

"In ya zo za ka gan shi. Kai dai kada ka gaishe shi da wannan maƙogwaron naka."

Dokar kujerar ɗaya ce, kuma shi ya kafa ta ba tare da ya taɓa rubuta ta a bango ba. Wanda ya zauna a kanta ba a tambayarsa daga ina, ba a ce masa matso ciki, ba a ce ya nuna abin da ke jakarsa. Shayi kawai ake miƙa masa. Mai Tukwane ta faɗa min da bakinta cewa wata biyu ta yi a kanta bayan aurenta ya mutu, lokacin da ko gaisuwa aka yi mata sai ta ji kamar zagi ne. Baduku ya ce shi ma ya zauna, shekarar da gobara ta cinye masa shago, yana jin kunyar a gan shi hannu babu komai. Yanzu su biyun nan su suka fi kowa surutu a zaman.

Ni ta dalilin 'yata na san gidan. Auta muke ce mata, shekararta ashirin da uku. Da mahaifiyarta ta rasu ta shiga ɗaki, kuma kusan shekara ɗaya da rabi ba ta fito ba sai don abin da ya zama dole. Ba ta kuka, ba ta faɗa. Abinci in an ajiye a ƙofa wani lokaci a ɗauke shi yadda aka kawo. Sai zane take yi a bayan tsofaffin kalanda, ta gama ta kife. Yayyenta duk sun yi aure sun yi nisa. Ni da ita ne a gidan, bango ɗaya tsakaninmu, ina kasa kunne ko zan ji motsinta. Da na ji labarin gidan sana'ar na roƙe ta har da hawaye. Ta ce ta ba ni wata biyu. Aka ba ta tebur a gidan, kullum da safe in sauke ta in wuce sana'ata ta raba burodi a shaguna.

Larabar farko Mai Kujeru ba ya nan, ya tafi a duba masa gwiwa. 'Yan gidan suka jera kujeru da kansu, ba wanda ya tuna da ta bakin ƙofa. Su mutane ne da suka saba ɗaga aikinsu sama a gani, a wurinsu babbar karramawa ita ce a sa ka a tsakiya. Suka kamo hannun Auta suka zaunar da ita a tsakiyar zagaye. Kafinta ya ɗauki littafin zanenta daga kan cinyarta ya buɗe ya ɗaga.

"Jama'a ku ga hannu! Wannan yarinya ta fi Mai Fenti, wallahi ya je ya nemi wata sana'ar!"

Aka sa tafi. Mai Hoto ya haska mata fitilar kyamara a fuska. Shafin da aka ɗaga kuwa hannuwan mahaifiyarta ne, yadda suke a kan bargon asibiti. Ta fizge littafin ta fita da gudu, takalmi ɗaya ta bari a ciki.

Na bi ta muka shiga mota. Sai da muka isa gida, ta shiga ɗaki, ta ce ta bayan ƙofa: "Baba, na yi maka alkawarin wata biyu, zan cika. In sun cika kada ka sake ce min in fita."

Laraba bakwai suka rage. Bayansu sai ɗakin nan, kuma na san in ta sake shiga ba ni da sauran abin da zan fito da ita da shi.

Washegari na je da fushi. Na tarar da Mai Kujeru yana goge takalmin da ta bari da tsumma. An riga an ba shi labari. Ya bar ni na gama faɗa tas, sannan ya miƙo min shayi.

"Ba mugunta ba ce, Baban Auta. Sun daɗe a cikin haske ne, sun manta mai fitowa daga ɗaki idonsa ba ya ɗauka." Ya ajiye takalmin a kan teburinta. "Amma kai ma da naka."

"Ni kuma? Me na yi?"

"Kullum in ka gama raba burodinka sai ka zo ka kafa motar nan a ƙofa, kana leƙenta ta madubi har yamma. Kana tsammani ba ta sani ba? Ni da ba 'yarka ba bayana har ƙaiƙayi yake."

"Tsoro nake ji, Baba."

"Na sani. To zo ka riƙa ɗaukar min kujeru ranar Laraba, gwiwata ta ƙi. Mai ɗauke da kujera huɗu ba ya iya kallon kowa sai gabansa."

Haka na zama mai ɗaukar kujeru a gidan da ban iya ko zare allura ba.

Laraba ta gaba, tun kafin a kashe injuna Auta ta haɗa jakarta ta fita ta zauna a mota. Mai Kujeru bai bi ta ba. Ya ajiye kujerar a wurinta, aka yi zama aka tashi, ya mayar da ita. Wadda ta biyo baya ta fita amma ba ta kai mota ba, ta tsaya a gindin famfo tana wanke hannun da ba shi da datti. Ya zuba shayi a kofi, ya ɗora a kan kujerar da ba kowa, ya juya ya tafi abinsa. Da aka tashi kofin babu komai a ciki. Ta uku ta zauna, a ɗan bakin kujerar, jaka a rungume, ƙafa ɗaya na waje kamar mai shirin tashi. Kafinta ya hango ta ya buɗe baki, Mai Kujeru ya cusa masa faranti a hannu ya ce ya zagaya da sukari. Ta huɗu ta buɗe littafi a kan cinya, fensir na tafiya, kanta a ƙasa.

Ni kuwa kamar in tashi sama don son in tambaye ta. Na same shi a ɗakin ajiya.

"Baba, me take zanawa? Ta ce maka wani abu? Saura uku fa."

"In kun shiga mota kunna rediyo."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. In ta rage ƙarar, to tana son magana. In ba ta rage ba, tuƙa motarka."

A ɗakin ajiyar nan, muna jera kujeru kan juna, na tambaye shi inda ya koyi wannan abu. Ya ajiye kujerar da ke hannunsa. Sannan ya ce shekara ashirin da suka wuce matarsa ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba. Mutane suka cika gida kwana biyu uku suka watse, aka bar shi da tabarmi. In ya fita, duk wanda ya gan shi sai ya tsayar da shi ya tambaye shi ya haƙuri, har ya daina fita. Wata rana shirun ɗakin ya kore shi, ya yi ta tafiya har ya tsaya a ƙofar shagon wani tela, don kawai ya ji ƙarar keken ɗinki. Telan bai ɗago kai ba. Ya sa ƙafa ya turo wata 'yar kujera waje, ya ci gaba da aikinsa.

"Wata uku ina zuwa. Bai taɓa tambayata ko sunana ba. Da ya tambaya da ban dawo ba." Ya dafa gwiwa ya miƙe. "Ɗauko waɗancan, ka bar tsayuwa."

A makonnin nan ne likita ya ce ya bar keke, ya bar ɗaukar kaya, ya bar doguwar tsayuwa, wato ya bar aikin gaba ɗaya. Larabarsa ta ƙarshe ta faɗo daidai da ta Auta. 'Yan gidan suka shirya sallama. A bangon shiga akwai hotunan taron kowace shekara, goma sha tara a jere, suka ce za a fitar da nasa a ƙara girmansa a rataya a sama da su. Aka ba Mai Hoto aikin.

Ranar ta zo, gida ya cika har da waɗanda suka bar wurin tuntuni. Mun jera kujeru hamsin da biyu, da ɗaya a bakin ƙofa. Auta ta zauna a kanta, jakarta a ɗaure tsaf, ta kwashe komai daga teburinta tun da rana. Na gani, na yi kamar ban gani ba.

Mai Hoto ya miƙe hannunsa babu komai. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Jama'a, kwana uku ina bincike. Hotunan gidan nan sun fi dubu goma a wurina. Babu shi." Ya soma lissafi da yatsu. "Ga hannunsa riƙe da buta. Ga bayansa yana fita da shara. Akwai ɗaya da rabin hularsa ta shigo. A na shekara-shekara kuwa, in ba shi ya riƙe min allon haske ba, to shi na ba ya danna don ni ma in shiga."

Gida cike da masu zane da masu ɗaukar hoto, shekara goma sha tara, ba wanda ya taɓa juyowa ya kalli mutumin da ke zuba musu shayi. Kafinta ya sunkuyar da kai yana murza hula. Ban taɓa ganin bakinsa a rufe ba sai ranar.

Mai Kujeru ya yi 'yar dariya daga inda yake tsaye a bayan zagaye, kusa da buta. "To me za ku yi da fuskar tsoho a bango? Ku kori masu sayen kaya?"

"Tsaya in ɗauka yanzu, Baba."

Ya ɗaga farantin shayi ya kare fuskarsa. "A'a, ɗan nan. Bar shi kawai."

Mai Hoto ya koma ya zauna. Sai aka ji wata murya daga bakin ƙofa, ƙasa-ƙasa, kamar wadda ta daɗe ba a yi amfani da ita ba.

"Ni ina da shi."

Taku goma sha ɗaya ne daga kujerar zuwa teburin tsakiya. Na ƙirga. Ta kwance jakar da kanta, ta ciro littafin da kanta, ta buɗe ta ajiye. Ashe daga bakin ƙofa duk 'yan zagaye ƙeyarsu kawai ake gani. Mutum ɗaya ne ake gani gaba ɗayansa, wanda ke tsaye a bayansu. Ga shi yana ƙirga kawuna, leɓe a ɗan buɗe. Ga shi yana karkata kujera da gefen ƙafa. Ga shi ya dafa gwiwa ya runtse ido lokacin da ya ɗauka ba mai ganinsa. Na ƙarshe shi ne a kan akwatin katako da sassafe, burodi a hannu, tebura arba'in babu kowa a gabansa.

Kafinta ya ɗaga hannu zai tafa, Mai Tukwane ta take masa ƙafa. Mai Fenti ya matso ya sa tabarau, ya daɗe a kan shafi ɗaya, sannan ya yi mata magana yadda yake yi wa kowa a gidan.

"Hannun hagun nan ya yi tsawo."

Auta ba ta ja da baya ba.

"Haka yake. Ya fi na dama. Ka duba."

Kowa ya juya. Mai Kujeru ya ajiye faranti, ya miƙa hannuwansa biyu gaba yana kallonsu kamar na aro. Kafinta ya zaro awo daga aljihu ya gwada. Na hagu ya fi da kusan yatsa guda.

"Ikon Allah," in ji tsohon. "Shekara sittin da bakwai ina yawo da abin nan ba wanda ya gaya min. Shi ya sa duk rigar da telolin gidan nan suka ɗinka min hannu ɗaya ke ɗagewa, ni kuma ina ta zaginsu a zuci!"

Gida ya ɗauki dariya. A cikin dariyar na ji wata da na sani, wadda rabona da ita tun mahaifiyarta na raye. Na koma ɗakin ajiya na tsaya a bayan kujeru har fuskata ta bushe.

A mota na kunna rediyo. Ba mu yi nisa ba ta miƙa hannu ta rage.

"Baba, gobe mu fito da wuri. Yumɓun Mai Tukwane in ba a yayyafa masa ruwa da safe ba bushewa yake, kuma ba wanda zai tuna."

Baba Mai Kujeru, kai ne mai buɗe ƙofa ka koma bayanta. Kai ne ka ga 'yata tana wanke hannu a famfo ka san ba hannun take wankewa ba. Ba ka yi mata wa'azi ba, ba ka ce ta yi haƙuri ba, ko kalma goma ban ji ka haɗa da ita ba a wata biyu. Kujera ka ajiye ka juya baya, kuma juya bayan nan ne ni ubanta na kasa. Ka ɗora min kujeru a ka don ka ɗauke mata idona. Na gane daga baya, kuma na gode. Abin da ka mayar min ba ni da abin biyansa. Allah Ya saka maka, Ya ba gwiwar nan sauƙi, Ya jiƙan matarka da telan da ya turo maka kujera.

Makon jiya na je gaishe shi. Ɗaki ɗaya ne a ƙarshen wani lungu, a share tas. Keken yana jingine a ciki, an rufe shi da buhu. Kofi ɗaya a kan taga, kujera ɗaya a gefen gado. Ya ba ni kujerar ya zauna a bakin gado, ya zuba min shayi a kofin, ya ce shi ya riga ya sha. Ya tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya, har ya tambaya ko an sa wa ƙofar ƙarfe mai. Na ce masa Laraba uku ke nan ba a gan shi ba.

"Wanda ya bar aiki ba ya komawa ya tsaya wa mutane a ka," ya ce, yana kallon keken. "Kuma in na je za su sa ni a tsakiya. Ka san su."

Ku da kuke karanta wannan, a wurin aikinku akwai wani da ke zuwa kafin kowa, ya tafi bayan kowa, wanda hannunsa kawai kuka sani. Ku juya ku kalle shi tun yana nan. In kuma kuna da taro, ko na mutum biyar ne, ku ƙirga kanku ku ƙara kujera ɗaya a bakin ƙofa. Wanda ya zo ya zauna, ku ba shi abin sha ku ƙyale shi. Ba ku san daga wane ɗaki ya fito ba.

Kai kuma Baba, ga saƙo. Zanenka yana bango, a sama da hotunan nan goma sha tara, hannun hagu da tsawonsa. Auta ce ke jera kujeru yanzu, ni ina ɗauko mata. Ta ƙirga kawuna, ta koma ta ɗauko ɗaya, ƙafa biyu a ciki, biyu a waje. Laraba uku tana ɗora kofin shayi a kanta, a tashi ta zubar da shi a gindin famfo. An ja wa Kafinta kunne, Mai Hoto ya yi alkawarin barin kyamara a jaka. Ranar Laraba da azahar zan kafa mota a bakin lungunku, ba zan yi oda ba, ba zan leƙa ta madubi ba. In ka fito mu tafi. Ba wanda zai tambaye ka komai.